Biyan manomi tun kafin ya zuba iri: ku ba ni shawara

Maman Hanifa (Worcester): Assalamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi? Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni daɗewa a Amurka. Wata abokiyar aikina ce ta kawo min takardar wata gona da ke bayan gari, tafiyar minti 40 daga gidanmu. Tsarin da suke kira CSA ne. Mutum zai biya manomi kuɗin kayan lambu na damina guda tun yanzu cikin Fabrairu, ƙasa na rufe da ƙanƙara, ko iri ba a zuba ba. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Oktoba kuma duk Talata ya je ya ɗauki kwalinsa, mako 20 ke nan. Cikakken kaso dala 680, rabin kaso 390. Ba kai ke zaɓar abin da za a zuba maka ba, abin da gona ta bayar a makon shi ne rabonka. A ƙasan takardar kuma an rubuta ƙarara cewa in fari ko ambaliya ko ƙwari suka cinye amfanin, ba a mayar da kuɗi.

Raina yana so, don na gaji da tumatirin kanti. Ja wur a ido, ki yanka ki tarar da cikinsa fari, ki yi miya ba ƙamshi ba ɗanɗano. Amma Baban Hanifa ya ce shi ba ya cinikin biri a sama. Akwai wanda ya taɓa shiga?

Hajiya Rabi (Springfield): Wa alaikumus salam ƙanwata. Bana shekarata ta shida a ciki, kuma na riga na biya tun Janairu. Amma bari in faɗa miki gaskiya don kar ki shiga da wani zato daban. Makonni huɗu ko biyar na farko ganye za ki yi ta kwasa: latas kala-kala, alayyafon Turawa, wani ganye mai kauri da suke kira kel, lawashi, da 'yan ƙananan radish jajaye. Ba tumatir, ba tattasai, ba attaruhu. Mu kuwa kin san girkinmu, in ba a yi jajjage ba ai ba a fara ba. Shekarar farko sai in tsaya a kicin da kwali a gabana in rasa ta inda zan ɓullo masa. Rabin ganyen a firji ya ruɓe, kuma abin ya tsaya min a rai, don zubar da abinci ba tarbiyyarmu ba ce. Sai ƙarshen Yuli tumatir ke fara leƙowa. Agusta da Satumba kuwa ya yi ta zuba har ki rasa mazubi. Oktoba kabewa ce da dankali da karas da albasa da kabeji. Wanda ya iya haƙurin Yuni ba zai yi da-na-sani a Agusta ba.

Alhaji Ɗanlami (Bronx): 680 a raba gida 20, dala 34 ke nan duk mako. Da dala 34 zan shiga shagon 'yan Afirka a nan unguwarmu in ɗauki attaruhu da kuɓewa da albasa da abin da uwargida ta aike ni, ranar da na ga dama. Kuɗina na aljihuna, zaɓi na hannuna. Don me zan ba wani kuɗi wata huɗu kafin in ga kaya, sannan ya zaɓar min ganyen da ban san sunansa ba? Ni a ganina falle ne kawai irin na ƙauyenmu, aka canza masa suna. Maigidanki yana da gaskiya.

Kabiru (Kura): Alhaji, da girmanka, a yi min afuwa in sa baki. Ni ba a Amurka nake ba, yayana ne ya sa ni a zauren nan, amma noman rani nake yi a Kadawa tun ina yaro, kuma na ci falle na san ɗacinsa. Wannan da Maman Hanifa ta bayyana ba falle ba ne, kishiyarsa ne ma.

Falle shi ne cikin Agusta rumbu ya ƙare, yara na kallonka, ka je wurin mai kuɗi ya ba ka kuɗin buhu a farashin da ya ga dama, da kaka ya zo ya ɗauki buhunsa cike. Gona ta yi, nasa ne. Gona ba ta yi ba, buhunsa yana nan a wuyanka. A noman tumatir ma haka dillali yake mana: ya ba ka kuɗin taki da na fetur na injin ban-ruwa, da sharaɗin shi za ka sayar wa. A 2016 da tsutsar nan da muke kira sharon ta shigo, kwana kaɗan ta yi ta mayar da gonata kamar an bi ta da wuta. Ganye ya ƙone, 'ya'yan duk huda. Na tsaya a kan kunya ina kallo, ko kwando goma ban cira ba. Wanda ya ba ni kuɗi bai rage min ko sisi ba, sai da na sayar da injina na biya shi. A shekarar da Allah ya ba da albarka kuma, kowa ya ciro lokaci guda, ka kai Kwanar Gafan a taya kwando kuɗin da bai kai ladan masu tsinka da na mota ba, ka dawo ka yanka ka shanya a bakin titi ya zama kauɗa.

To yau a ce gida 30 a Kano su haɗa min kuɗi tun Oktoba, a farashin mutunci, su ce Kabiru je ka noma, in ta yi mu ci tare, in ta faɗi mu ɗauka tare. Wallahi da na yi barci mai daɗi. Asarar da za ta karya mutum ɗaya, in aka raba ta gida 30 kowa ɗan kaɗan zai ji.

Alhaji Ɗanlami (Bronx): Allah ya mayar maka da alheri, Kabiru. Na ji bambancin, na janye kalmar falle. Amma kai na san ka, na san gidanku in na tambaya. Wannan manomin fa? Ba ta san shi ba, bai san ta ba.

Malam Nasiru (Albany): Assalamu alaikum. Akwai gefen da ba a taɓa ba, kuma ina ganin shi ne asalin abin da ke ran Baban Hanifa ko da bai kira sunansa ba, wato hukuncin cinikin. Biyan kuɗi kafin kaya ba baƙon abu ba ne a Musulunci, shi ne salam. Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya zo, bai hana ba, sai ya gindaya sharaɗi: a san mudu, a san nauyi, a san lokaci. Hadisin Ibn Abbas ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai kuma sun ce ba a ɗaure salam a kan amfanin wata gona guda ayyananniya, domin tana iya lalacewa mai kuɗi ya tashi a tutar babu. Sannan ga hanin sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana.

To ku duba takardar nan. Ba a faɗi nauyi ba, ba a faɗi irin kayan ba, an ɗaure shi a gona guda, an kuma ce in ta lalace babu komai. In ciniki ne tsantsa, akwai garari a ciki, wato rashin tabbas kan abin da aka saya, kuma ba ƙarami ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, ɗalibi ne ni, amma bai kamata a wuce wurin nan a guje ba.

Dakta Maryam (Burlington): Malam, na gode da ka kawo wannan, amma ina ganin kuskure ne a kalle shi a matsayin ciniki tsantsa. Bari in ba ku abin da na gani da idona.

A Yulin 2023 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Vermont, kwana biyu. Kogin Winooski ya cika ya batse, ya shafe gonakin da ke fadamar Intervale a gefen garinmu. Gonar da nake da kaso a cikinta tana bakin kogi. Da ruwa ya janye muka je taya su kwashe shara. Ga kabeji ya ƙulla, ga albasa ta yi kai, ga tumatir ya fara ja, duk laka ta lulluɓe su. Kuma doka a nan ba ta yarda a sayar da abin ci da ruwan ambaliya ya taɓa ba, saboda ƙazanta da guba da yake kwasowa. Komai kyansa a ido, sai dai a nome shi cikin ƙasa. Matar da ke riƙe da gonar ta tsaya cikin takalmin roba, laka har gwiwa, tana mana bayani muryarta na rawa. Ta ce wanda ke son ragowar kuɗinsa ya faɗa, za ta nemo ta biya. A cikin waɗanda muka je ranar ban ji wanda ya nema ba. Makonni muka yi ba kwali. Ta sake shuka abin da ke saurin yi, latas da radish da alayyafo, cikin Satumba muka koma ɗauka, ɗan kaɗan.

Na yi asara a lissafin kanti, ba musu. Amma gonar tana nan har yau, ma'aikatanta ba su watse ba, 'ya'yana sun san sunan wadda ke noma abin da suke ci. Ni ba tumatir kawai na biya ba. Na sa hannu ne a noman shekarar, da daɗinsa da wuyarsa. Wannan ya fi kama da tarayya, kamar yadda aka bar wa mutanen Khaibara gonaki su noma a raba amfani.

Malam Nasiru (Albany): Allah ya saka miki, Dakta, abin da kuka yi alheri ne babba. Amma ki lura da abu biyu. A Khaibara ƙasar ta Musulmi ce, aikin na manoman, kuma an san kason kowa, rabi da rabi. Ke ba ki da ƙasa a nan, ba a kuma ce miki kashi kaza cikin ɗari na amfanin gonar naki ne ba. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina: matar ta ce wanda ke so ya karɓi kuɗinsa, ku kuka yafe. Hakkinku ne kuka bari da zaɓinku, ladanku na wurin Allah. Wannan daban yake da a rubuta tun farko cewa ba ku da hakkin.

A mazhabarmu ta Malikiyya akwai babin ja'iha, wanda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kansa. In mutum ya sayi 'ya'yan itace a kan bishiya, sai ƙanƙara ko fara ko makamancinsu suka lalata sulusi ko fiye, ana rage masa kuɗin gwargwadon abin da ya lalace. A ganyayyaki ma an ce ana ragewa ko da kaɗan ne. Akwai sauƙi kuma ta wani gefen: Imam Malik ya halatta sayen gonar kankana ko gurji in nunar farko ta bayyana, mai saye ya yi ta tsinka har ta ƙare, alhali na bayan ba su fito ba tukuna. Wato shari'a ta san yanayin kayan lambu, ba ta ƙuntata ba. Abin da ba ta so shi ne wani ya ci kuɗin ɗan uwansa ba tare da ya ba shi komai ba.

Dakta Maryam (Burlington): To amma Malam, in kowa na da damar janye kuɗinsa ranar da masifa ta sauka, me ya rage na tsarin? Manomin ya riga ya kashe kuɗin a iri da taki da albashin ma'aikata tun Afrilu. Ranar da ya fi kowa buƙata ita ce ranar da za a taso masa. Mun koma labarin Kabiru da injinsa ke nan.

Malam Nasiru (Albany): Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan ce na gama warware ta ba. Abin da nake gani, ana iya rubuta cewa in an yi babbar asara, za a ɗaga wa mai kaso ragowar zuwa baɗi, ko a cike masa daga gonakin maƙwabta, ba lallai a zaro tsabar kuɗi a ranar ba. Wanda ya ga zai iya yafewa ya yafe. Ko kuma mutum ya ƙudurta tun farko cewa wani ɓangare na kuɗin gudummawa ce ga gonar, ya bayar da zuciya ɗaya. Maman Hanifa ta kai takardar wurin limaminsu ya duba lafazinta, don hukunci yana bin abin da aka rubuta.

Isufu (Lyon): Salamu alaikum. Mu nan Faransa AMAP muke ce mishi. An fara shi a 2001 a Aubagne, kusa da Marseille. Ni mutumin Maraɗi ne, shekara huɗu ina ciki. Namu da ɗan bambanci wanda watakila zai rage ma Malam damuwa. Kwantaragi muke sa ma hannu na wata shida, mu rubuta cek-cek mu ba da tun farko, amma ba a fidda kuɗin gaba ɗaya, wata-wata manomi ke kai cek guda banki. Kuma ƙungiyar masu saye ce ke zama da manomi a yanke farashin kwando tare, a duba abin da ya kashe da abin da zai ishe shi rayuwa. Ran rabo kuma bi da bi muke yi, wannan mako ni ke awo ina zuba ma mutane salati da karoti da shu (kabeji), mako mai zuwa wani. Nan na san maƙwabtana, bayan na yi shekaru muna haɗuwa a matakala ba mu wuce gaisuwa ba. Abin da ban samu ba shi ne guro da sure da tonka mai zafi irin namu, waɗannan sai na je kasuwar Guillotière.

Sadik (Amherst): Ƙarin bayani kaɗan, tunda fannin noma nake karanta. Anti Maman Hanifa, a jiharku ma abin ya fara a Amurka. Gonar Indian Line da ke South Egremont, a yammacin Massachusetts, da gonar Temple-Wilton a New Hampshire, su ne na farko, a 1986. Wani mai suna Jan Vander Tuin ne ya zo da tunanin daga Suwizalan ya kai wa Robyn Van En, mai gonar Indian Line. Kafin su, a Japan akwai teikei tun wajen 1970, inda iyaye mata da suka tsorata da magungunan feshi a abinci suka nemi manoma kai tsaye. A Alabama kuma Farfesa Booker T. Whatley na Tuskegee ya daɗe yana koya wa ƙananan manoma baƙar fata su tara mutanen birni su biya kuɗin shiga a farkon shekara, su riƙa zuwa gona suna tsinka da kansu. Dalilin biyan a Fabrairu shi ne lokacin ne manomi ke sayen iri da gyaran rumfar reno, ga shi ba abin sayarwa, in ba haka ba sai bashin banki mai ruwa.

Malam Nasiru (Albany): Wannan na ƙarshen abin lura ne, Sadik. Raba mutum da bashin ruwa ba ƙaramin abu ba ne.

Anti Zainab (Lowell): Ni dai na shiga sau ɗaya ban koma ba, kuma ba ambaliya ce ta kore ni ba. Lokacin ɗauka ƙarfe 3 zuwa 6 na yamma ne ranar Alhamis, ni kuwa aikin asibiti nake, wani makon sai 7 nake tashi. In ba ki zo ba a ba da kwalinki sadaka, haka dokarsu take. Sau huɗu ina rasawa. Sannan muka tafi gida hutun yara, mako biyar cikin Yuli da Agusta, daidai lokacin da kayan kirki ke fitowa. Na rubuta musu tun kafin tafiya ko za su ɗaga min, ba wanda ya amsa. Na dawo na tarar da kabewa da ganye. Ba na cewa tsarin ba shi da kyau, amma ki dubi rayuwarki tukuna. Za ku je gida bana? Wa zai ɗauko miki in kin makara? Akwai mota a hannunki ranar? Ki tambaye su duk wannan kafin ki ba da ko dala ɗaya, kuma ki ga yadda suke amsa saƙo tun yanzu, don yadda suka yi miki a Fabrairu haka za su yi miki a Agusta.

Hajiya Rabi (Springfield): Gaskiya ne Zainab, shi ya sa nake raba nawa da maƙwabciyata 'yar Sudan. Mako ɗaya ni, mako ɗaya ita, in ɗaya ta yi tafiya ɗaya ta kwashe.

Batun ganye kuma, Maman Hanifa, kar ya tsorata ki, na gano kansa. Kel ɗin nan ki zare jijiyar tsakiya, ki yanka ƙanana, ki tafasa shi ya yi laushi ki matse, ki daka ƙuli-ƙuli da ɗan yaji da albasa da tumatir ki kwaɗanta. Wallahi kamar kwaɗon zogale, yarana har rigima suke a kai. Shi nake zubawa a dambun shinkafa ma. Wani mai jan kara da suke kira cad, shi ke shiga faten tsaki da miyar alayyafo. Kabewarsu ta Oktoba mai siffar gora, miyar taushe take yi mai zaƙi da kauri, kuma tana wata uku a ɗaki mai sanyi ba ta lalace ba. In Satumba ta zo ki tambayi manomin tumatirin da ya fashe ko ya tabo, wanda ba sa iya kai wa kasuwa. Da araha suke ba da shi kwali guda. Ni nakan karɓi uku, in haɗa da tattasai da albasa in markaɗa, in dafa a babbar tukunya har ruwan ya tsotse, in ƙulla a leda-leda in jera a firiza. Yau 10 ga Fabrairu, da shi na yi miyar rana.

Sannan ki buɗe baki ki roƙa. Manoman nan suna son jin abin da masu kaso ke so. Sai dai ki san sunan da za ki kira abu. In kin ce yakuwa ba wanda zai gane, amma Indiyawa na ce mata gongura, ana samun irin da wannan sunan. Alayyafonmu shi ne kalalu na mutanen Jamaika. Gauta kuwa 'yan Brazil na kiran irinta jilo, kuma saboda yawansu a jihar nan akwai gonakin da suka daɗe suna noma ta.

Sadik (Amherst): Hajiya ta faɗi daidai. Abu ɗaya kawai: yakuwa za ta ba da ganye sosai a nan, amma kar a sa ran zoɓo. Ba ta fure sai rana ta gajarta, kafin ta ƙulla kuwa sanyin Oktoba ya kashe ta. Kuɓewa tana yi in an samu zafi, sai dai ba kamar ta gida ba. Kuma don Allah kar a sa wani ya ƙunso iri a jaka daga gida ba tare da izini ba, ana ƙwacewa a filin jirgi, har tara ana yi.

Alhaji Ɗanlami (Bronx): Duk na ji. Amma ku faɗi gaskiya, wannan harkar masu hali ce. Mai tuƙin tasi da ke biyan haya a Bronx ina ya ga dala 680 a dunƙule cikin Fabrairu?

Dakta Maryam (Burlington): Wannan gaskiya ne Alhaji, kuma su kansu masu tsarin sun san da shi. Gonaki da yawa suna karɓar biya kashi-kashi, wasu suna da farashi hawa-hawa, mai hali ya biya sama don marar hali ya biya ƙasa. Da yawa kuma suna karɓar katin tallafin abinci na SNAP, shi kuwa ba a cire kuɗin damina gaba ɗaya da shi, kaɗan-kaɗan ake cira. A cikin birnin New York ma akwai unguwannin da manomi ke kawo kaya da mota, ba sai ka je gona ba. Amma ban musa maka ba, wanda kuɗinsa na yau shi ne abincinsa na yau, zaɓi ya fi masa amfani.

Maman Hanifa (Worcester): Assalamu alaikum, ku yi haƙuri da shiruna kwana biyun nan. Na karanta komai, na kuma karanta wa Baban Hanifa. Jiya Asabar muka ɗauki yara muka je gonar, don ya ce ba zai yanke hukunci a kan mutumin da bai kalli idonsa ba.

Masu gonar mata da miji ne, da ma'aikata uku. Fili fari fat da ƙanƙara, sai rumfar leda guda mai ɗumi a ciki. Matar ta shigar da mu, ga faranti-faranti na reno jere a kan katako, ta ce albasa ce za su fara zubawa ƙarshen watan nan. Hanifa ta tambaye ta ina tumatir, ta buɗe wata tsohuwar gwangwanin biskit ta nuna mata irin a cikin 'yan ambulan, kowanne da sunansa da rubutun hannu. Baban Hanifa ya yi mata tambayar Malam ba kwana-kwana: in gona ta lalace fa? Ta ce a 2023 ruwa ya ci musu kusan rabin fili, suka sayo daga gonakin tudu suka cike kwalaye, makonni biyu da suka gagara kuma suka rage wa mutane a kuɗin shekara mai zuwa. Ya ce to me ya sa ba haka aka rubuta ba? Ta yi shiru, ta ce takardar tun ta farkon fara su ce, ba su taɓa sake ta ba. Nan take ta ɗauki biro ta rubuta a bayan tamu ta sa hannu, ta kuma rubuta mafi ƙarancin abin da kwali zai ƙunsa duk mako, kala shida. Mun kai wa limaminmu bayan Magariba, ya karanta ya ce da wannan ƙarin hankalinsa ya fi kwanciya.

Dakta, na riƙe maganarki. In Allah ya kawo irin waccan shekarar, ina fatan in zama cikin masu yafewa. Amma na fi so ya zama ni na yafe.

Rabin kaso muka ɗauka, biya uku. Anti Zainab, na tambaya: suna ɗaga mako biyu in an sanar da wuri, kuma abokiyar aikina za ta ɗaukar min in na makara. Mai gonar ta yarda za ta gwada kunya ɗaya ta yakuwa da ɗaya ta alayyafonmu, in na kawo iri kafin ƙarshen Maris. Ta ce in mun kai gida biyar masu so, za ta ƙara da gauta da attaruhu.

Anti Zainab (Lowell): In har da gauta da yakuwa, kuma suna amsa saƙo, turo min takardar in gani. Worcester ba ta yi min nisa ba in ranar hutuna ce.

Kabiru (Kura): Maman Hanifa, don Allah ki ɗauki hoton abin da matar ta rubuta a bayan takardar ki turo min, Sadik ya fassara min. Akwai malaman makaranta guda takwas a Kano da ke sayen tumatir da albasa wurina duk rani. Ina so in zauna da su kafin Oktoba. Matsalarmu a nan wuta, ba kowa ke da firizar da za ta riƙe markaɗe ba, don haka ina tunanin rabin kason ya zama ɗanye, rabi kauɗa mai tsabta da aka shanya a kan tabarma, ba a ƙasa ba.

Alhaji Ɗanlami (Bronx): Kabiru, in ka fara ka sa gidan ƙanwata da ke Kano a lissafi, ni zan biya mata. Kai na san inda zan same ka.

Hajiya Rabi (Springfield): Maman Hanifa, kar ki sayi irin alayyafo. Ina da wanda na tara bara a bayan gida, cike da kwalbar zuma, ya ishi kunya uku ma. Na yakuwar ne za mu yi oda, ni da ke da Zainab mu haɗa. Ranar Asabar mai zuwa ina da biki a Worcester, zan taho miki da shi, in haɗo miki da leda biyu na markaɗen bara ki ɗanɗana wa Baban Hanifa.